Anti, wai bitamin D zai warkar min da PCOS in samu ciki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar Jos ce ina zaune a Anguwar Rogo, shekarata 27, aurena ya shiga shekara ta uku ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata bata da tsari, sai inyi wata biyu uku ban gani ba, yanzu abin ya ƙaru, ga gashi yana fito min a haɓa ina tsigewa a ɓoye, ga ƙuraje, bayan wuyana yayi baƙi na goge na shafa mai har na gaji. Ƙiba kuma tunda nayi aure take ƙaruwa. Naje asibiti aka min sikanin akace PCOS ce, wai wata matsala ce ta jakar ƙwan mace da ke rikita al'ada, likita ya bani metfomin, da na karanta takardar ciki naga maganin masu ciwon suga ne ni kuma bani da suga, gashi yana sani gudawa, sai na ajiye bayan sati ɗaya. Wata a gurup ɗinmu na WhatsApp tace duk rashin bitamin D ne ke kawo wannan, naje lab na biya aka auna ya fito 14 akace yayi ƙasa. Ita tana saida ƙwayar bitamin D mai ƙarfin 50,000, tace in riƙa shan ɗaya kullum na wata uku al'ada zata daidaita in samu ciki. Na siyo kwalba ɗaya ban fara ba. Uwar mijina ta fara zancen ƙarin aure, shi baya cewa komai amma ina gani a fuskarsa. In sha ko kar in sha?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yaye miki. Bari in fara da abinda yafi gaggawa tunda kwalbar tana hannunki: kar ki sha shi kullum yadda matar nan tace, ko da wasa. Ƙwaya mai 50,000 ba ta kullum bace. Abinda jikin babba ke buƙata a rana wajen 600 ne a ma'aunin nan da ake rubutawa IU a jikin kwalba, iyakar da masana suka ce kar mutum ya wuce a rana in ba likita ne ya ɗora shi ba kuma 4,000 ce. Ita mai 50,000 likitoci na bada ita ne ɗaya a SATI, na kamar sati takwas, ga wanda aka tabbatar nasa yayi ƙasa, daga nan a maida shi kan ƙarami. Toh ki lissafa da kanki, ɗaya kullum har wata uku miliyan huɗu da rabi kenan zaki ɗura wa cikinki. Kuma shi ba irin bitamin C bane da in yayi yawa zaki fitsarar, a cikin kitsen jiki yake maƙalewa ya taru, in ya taru sai kalsiyam ya cika jini, daga nan sai ƙishirwa mara ƙarewa, yawan fitsari, tashin zuciya, bayan gida ya ƙi fita, kasala, wasu har tsakuwa a ƙoda ko ƙodar ma ta taɓu. Garin neman gira a rasa ido kenan. Amma kar ki zubar da kwalbar, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ki tafi da ita wajen likita haɗe da takardar lab ɗin, mai yiwuwa ita ɗin zai ce ki sha amma sati-sati.

Saboda 14 ɗin nan gaskiya ce, yayi ƙasa, a nan kam matar bata yi ƙarya ba. Ki duba abinda aka rubuta a gefen lambar, in ng/mL ne yawancin lab suna ɗaukar ƙasa da 20 a matsayin ƙaranci, in kuma nmol/L ne toh naki ya ma fi haka faɗuwa, ko wanne ne dai ya cancanci a gyara saboda ƙashinki da tsokarki da kuma jaririn da muke roƙon Allah ya kawo. Mutane na mamaki wai ya za'ayi mutum yana Najeriya rana na dukansa ace bashi da bitamin ɗin rana. Ai ba dukan ranar a ka bane, fata ce ke haɗa shi in hasken ya sauka a kanta tsurarta, baya ratsa tufa baya ratsa gilashin taga, kuma fata mai duhu tafi ɗaukar lokaci kafin ta haɗa. Ki duba yadda muke a Jos in hunturu ya kankama, safa, suwaita, zani biyu, hijabi har ƙasa, daga ɗaki sai cikin keke daga keke sai wani ɗakin, ina ranar zata ga fata? Ba cewa nake ki cire hijabi ki hau titi ba, tsakar gidanki ta isa, ki maida wankinki ko tsintar wakenki can, hannu da ƙafa a buɗe, kamar minti ashirin zuwa talatin sau da yawa a sati. Kuma zancen nan na "ranar sassafe ce mai bitamin" ki rage yarda da shi, hasken da ke wannan aikin yafi ƙarfi daga hantsi zuwa wajen azahar. A abinci kuma kifi mai maiƙo ne kan gaba, Titus, shawa, sardin na gwangwani, sai gwaiduwar ƙwai da hanta da madarar da aka rubuta an ƙara mata bitamin D.

Inda muka rabu da matar gurup ɗinku shine cewa wai shine tushen ciwon. Eh, in aka auna mata masu PCOS ana yawan samun nasu a ƙasa, musamman masu jiki, amma ki tuna abinda nace, kitse na riƙe shi, don haka mace mai ƙiba ko bata da PCOS ana yawan samun nata a ƙasa a jini. Abu biyu su zo tare baya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Da aka zo gwaji na gaske, a ba wasu matan bitamin D a ba wasu ƙwayar da ba komai a ciki a kwatanta, sakamakon ya fito a cakuɗe, wasu ƙananan binciken sun ga ɗan sauƙi a lissafin insulin, sinadarin jiki da ke daidaita suga a jini, wasu basu ga komai ba, babu wanda ya nuna ya warkar da PCOS. Shi yasa ƙa'idar da likitocin duniya suka fitar kan PCOS a 2023, wadda jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranta, in kika duba abubuwan da suka sa a gaba zaki ga gyaran ci da motsa jiki, ƙwayar daidaita al'ada, metfomin, letrozol ga mai neman ciki, bitamin D baya cikin jerin. Ko a kan suga ma an gwada shi da kyau, a 2019 aka fitar da wani babban bincike a Amurka, mutum sama da 2,400 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, rabi aka basu 4,000 kullum na wajen shekara biyu da rabi, bambancin da aka samu bai kai a kafa hujja da shi ba.

Mu 'yan Jos ma ya kamata mu fi kowa sanin wannan darasin. Yaran nan da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, duniya ta daɗe tana cewa rashin bitamin D ne kawai, sai Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi bincike a nan JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, aka buga a 1999, suka gano yaran namu kalsiyam ne yafi ƙaranci a abincinsu, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa akan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Wannan zancen ƙashin yara ne ba na mahaifa ba, na kawo shi ne kawai don ki ga ba kullum wanda aka fi ambata ne mai laifin ba.

Toh waye mai laifin a naki? Daga abinda kika rubuta, ƙibar, baƙin wuyan, gashin haɓar, al'adar da ke ɓata, duk yatsa ɗaya suke nunawa, insulin. Kuma a nan nake so ki nutsu don in kika gane wannan ba mai sake saida miki tatsuniya. Duk abinda kika ci na tuwo, shinkafa, biredi, taliya, dankali, lemo, jiki na maida shi suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, pankiriyas, ita ke fitar da insulin, aikinsa ya shigar da sugan nan cikin tsoka da sauran sassan jiki su yi amfani da shi. Ki ɗauka sugan baƙo ne a ƙofar gida, insulin kuma yaron da ake turawa ya shiga yace ana sallama. A jiki mai lafiya yaro ɗaya ya isa, an buɗe baƙo ya shige. A jikin mata da yawa masu PCOS mutanen gidan sun yi kunnen ƙashi, sai an tura yara rututu suna ta rafka sallama kafin a buɗe. Daga ƙarshe baƙon yana shiga fa, shi yasa za'a auna sugarki a ce lafiya lau kice "ni bani da suga", amma hayaniyar yaran ta hana maƙwabta sakat, maƙwabciyar da tafi jin jiki kuwa ita ce jakar ƙwai.

Insulin in yayi yawa a jini yana zuga jakar ƙwai ta riƙa fitar da testosteron fiye da ƙima, wato wani sinadarin jiki ne, homon, da yafi yawa a maza, ko wace mace tana da ɗan nata amma kaɗan. Sannan hanta na haɗa wani sinadari da ke kama testosteron ɗin ya riƙe shi kar yayi yawo, shi kuma insulin sai ya rage wannan sinadarin, kinga an ƙara kaya an kuma kwance igiya. Daga nan gashin haɓa, ƙuraje, wasu gashin kai ya riƙa zubewa ta tsakiya. A ɓangaren ƙwai kuma, duk wata wasu 'yan buhunan ƙwai ne ke fara girma, ɗaya ya wuce saura ya nuna ya fashe ya saki ƙwai, in ba'a samu ciki ba bayan kamar sati biyu sai al'ada tazo. A PCOS sai su fara girman su tsaya a hanya, ba wanda ya kai ga fashewa, ba sakin ƙwai, ba al'ada akan lokaci, ba ciki a wannan watan. Waɗancan 'yan baƙaƙen ƙawanyoyin da kika gani jere a hoton sikanin ɗinki su ne, ba ƙari bane, ba daji bane, ba kuma abin a yanka a cire bane, na faɗi haka ne saboda mata da yawa suna fita ɗakin sikanin suna kuka sun ɗauka wani abu ne ya tsiro musu.

Wuyan kuma dan Allah ki ƙyale shi ya huta. Ki shafa da yatsa zaki ji wajen ya ɗan yi kauri yana da laushi-laushi, ki duba hammata da matsematsi mai yiwuwa akwai irinsa. Insulin ne ke sa fatar wajen ta ninku tayi duhu, ba dauɗa bace, soso da sabulun salo basa fitar da shi, man bilicin kuwa da yawansu akwai sitiroyid a ciki da ke cinye fata, a bar jaki ana dukan taiki. In insulin ya sauka shima yana ɗan washewa a hankali. Tunda na ambaci sitiroyid, in kin san lokacin gyaran amarci an baki ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe ko wani haɗi da baki san me ke ciki ba, ki faɗa wa likita kar kiji kunya, wasunsu na ɗaga suga su rikita al'ada.

Yanzu kin ga dalilin metfomin. Ba don kina da ciwon suga aka baki ba, don yana rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini kuma yana sa jiki ya ɗan fi jin insulin, sai buƙatar mai yawa ta ragu. Da an zaunar da ke minti biyar an miki wannan bayanin da baki ajiye ba, amma kin san layin asibiti, likita na duba mutum kaza kafin azahar. Gudawar da kumburin cikin kuma sanannen abu ne a farkon shansa, yawanci yana lafawa cikin 'yan makonni, dabarar ita ce a fara da ƙarami, 500 sau ɗaya a tsakiyar abincin dare ba da cikin wofi ba, sai jiki ya saba a ƙara, akwai kuma nau'in da ke narkewa a hankali wanda yafi sauƙi a ciki, ki tambaya ko za'a canza miki. Kar ki koma kansa da kanki daga ragowar da ke durowa, ki koma wajen wanda ya rubuta ki gaya masa gaskiya kin daina da dalilin dainawar. In aka daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12, sai a riƙa dubawa. In kina azumin Litinin da Alhamis ko ramuwa, ki tambaya yadda zaki jera shi da buɗa baki.

Kuɗin da kika kai lab kuwa, ba asara bane, amma akwai gwajin da ya fi shi muhimmanci a wajenki. Shine na shan ruwan suga. Zaki je da sassafe baki ci komai ba tun dare, a ɗebi jini, a miƙo miki kofi da gulukos giram 75 a narke, zaƙinsa har hawa kai yake, ki shanye cikin 'yan mintuna, ki zauna a benci awa biyu ba ci ba zirga-zirga, ki tafi da abin karantawa ko cazbi da mayafi mai kauri don sanyin safiyar Jos a barandar lab ba wasa bane, sannan a sake ɗiba. In na bayan awa biyun ya fito ƙasa da 7.8 a ma'aunin mmol/L lafiya, daga 7.8 zuwa 11.0 an kama hanya, 11.1 zuwa sama ana maganar ciwon suga. Wannan gwajin yafi kama matsalar da wuri a masu PCOS akan ɗan tsinken yatsan nan na kemis. Akwai wani da ake kira HbA1c mai nuna lissafin sugan jini na wata uku, yana da sauƙi amma yana iya ruɗi in mutum na da ƙarancin jini ko yana ɗauke da sikila, ki faɗi jinotayif ɗinki in za'a miki shi. Sai awon hawan jini da na kitsen jini. Kuma ki tambaya ko an duba tayirod, wata gaɓa da ke maƙogwaro, da firolaktin, homon ɗin ruwan nono, don suma suna ɓatar da al'ada kuma maganinsu daban ne. Ƙa'idar gano PCOS da likitoci suka tsayar a taronsu na birnin Rotadam a 2003 ita ce sai an samu biyu cikin uku, al'ada mara tsari, alamar homon ɗin maza yayi yawa, da abinda sikanin ya nuna, bayan an kawar da sauran cututtukan. Sikanin shi kaɗai baya yanke hukunci. Ke dai daga bayaninki duk ukun sun bayyana, saura kawai a tabbatar ba wani abu ne ya ɓuya a baya ba.

Zancen abinci, ba zan ce ki daina cin tuwo ba don nasan ba zai yiwu ba kuma ba'a buƙata. Babu wani tsarin ci guda da aka tabbatar yafi saura a PCOS, duk mai ce miki sai nata jadawalin na dubu kaza kasuwa take ci. Amma ki kalli ranarki da gaskiya, da safe shayi mai kauri da suga cokali uku da biredi, da rana shinkafa da lemon kwalba, la'asar kunun zaƙi ko zoɓo da fanke, da dare taliya ko tuwo malmala biyu, tun safe har dare insulin bai samu ya zauna ba. Abin sha mai zaƙi shine na farkon tafiya, shi kaɗai in kika cire kin yi rabin aikin. Sannan faranti, rabi ganye, kwata wake ko ƙwai ko kifi ko awara ko nama, kwata tuwon ko shinkafar. Kuma wallahi mu a Jos bamu da uzuri, mutanen wasu garuruwan da tsada suke siyan abinda ake zubarwa a Farin Gada da yamma, kabeji, karas, koren wake, kokwamba, latas, ga zogale da rama a yi kwaɗo da ƙuli. Alale da ƙosai da kunun da ba suga sun fi miki biredi da safe. Acha tana da kyau, gwatenta da ganye da yawa abinci ne na gaske, amma zancen da ake cewa mai matsalar suga ya ci iya cinsa ba haka bane, hatsi ce itama, a ci da lissafi. Dankalin turawa ma haka, dafaffe kaɗan da ganye da ƙwai, ba soyayye cike da tire ba.

Ba sai kin koma siririya ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana iya dawo da sakin ƙwai a mata da yawa, wato in kina kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ake magana, a hankali cikin watanni. Tafiya mai ɗan sauri minti talatin kwana biyar a sati, ga garinmu duk hawa da gangara, ki samu maƙwabciya ku riƙa fita bayan la'asar, in fita na da wuya ki zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane abinci, tsoka in tana aiki tana jan suga ko insulin bai matsa mata ba. Ko sikeli bai motsa ba wannan tafiyar tana aiki a ciki. Shayin rage ƙiba na intanet kuwa yawanci gudawa da fitsari kawai yake sawa, ki riƙe kuɗinki.

Sai babbar maganar, ciki. PCOS ba juya bace ƙanwata, ki cire wannan a ranki, kusan mace ɗaya cikin goma ke da ita kuma mafi yawansu suna haihuwa, wasu da kansu wasu da taimakon magani. Matsalar ƙwan baya fita akan lokaci ne, ba wai babu shi ba. Shekara ta uku da al'ada irin taki ya isa ki wuce ɗakin duba kowa da kowa ki nemi a turaki asibitin mata wajen likitan haihuwa, akwai su a JUTH can Lamingo, akwai a Plateau Specialist, akwai a Jankwano. Maganin da ake farawa da shi yanzu don a sa ƙwai ya fita shine letrozol, wani bincike da aka buga a 2014 a Amurka kan mata 750 masu PCOS ya nuna kusan 28 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi sun haihu, na Clomid kuma, wato tsohon maganin sa ƙwai ya fita, 19 cikin ɗari. Ina gaya miki tun yanzu, in kika buɗe takardar cikin kwalinsa zaki ga an rubuta maganin dajin nono ne, don asalinsa kenan, kar ki sake ajiyewa, kwana biyar kawai ake shansa a farkon zagayen wata kuma likita na bibiya. Abinda bana so shine ki shiga kemis ki siyo Clomid ki yi ta sha wata bayan wata don wata tace ita da shi ta samu, ba a san ko ƙwan na fita ba, ba a san ko hanyar a buɗe take ba, ga haɗarin jakar ƙwai ta kumbura.

Kuma ba ke kaɗai za'a duba ba. Maigida ma sai an gwada maniyyinsa, gwaji ne mai sauƙi ba allura ba zafi, zai ƙaurace miki kwana biyu zuwa bakwai ya kai a duba, don a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri kaso mai yawa akwai matsala ta ɓangaren namiji, ita kaɗai ko haɗe da ta macen, kuma ƙarfinsa a shimfiɗa baya nuna komai akan wannan. Kar ki faɗa masa da sigar zargi, kice likita yace a zo tare, gaskiya ne ma haka zasu ce. In ya zauna yaji bayani daga bakin likita, shi zai fi iya tarar Hajiya da maganar, ke kar ki shiga musu da uwar miji akan wannan, ba riba, ki gaisheta ki mata abinda kika saba, amsar ta fito daga bakin ɗanta. Shirun nasa kuma kar ki yi ta fassara shi ke kaɗai cikin dare, ki tambaye shi, sau da yawa namiji yayi shiru ne don bai san me zai ce ba ko shima tsoron kansa yake. In kuma kika ga damuwar ta hana ki barci da ci, kuka ba dalili, ki faɗa wa likita wannan ma, yawan damuwa da ƙuncin rai sun fi yawa a masu PCOS kuma ana taimakawa.

Wasu 'yan abubuwa kafin ranar asibitin. Ki fara shan folik asid yanzu, ƙaramin nan na awo, tun kafin ciki ake fara shi don yana kare lakar jariri a makonnin farko da mace bata ma san ta ɗauka ba. Duk sanda kika kai kwana 90 ba jini, ki fara gwada ciki, in babu ki je a baki maganin da zai sauko da shi, don shimfiɗar cikin mahaifa in ta daɗe tana taruwa bata zuba ba tana kauri, shekaru in suka ja haka yana ƙara haɗarin dajin mahaifa, ba "hutun sallah" bane kamar yadda wasu ke raha. Ƙwayar tsarin iyali da ake ba masu PCOS don daidaita al'ada da rage gashi tana aiki amma ba taki bace yanzu tunda ciki kike nema, haka wani maganin gashi da ake kira sifironolakton, baya haɗuwa da ciki, in wata ta baki kar ki karɓa. Gashin haɓar ki tsige ko ki aske duk wanda yafi miki, aski baya ƙara masa kauri, tsinin ne kawai ke sa aji haka. In jinin ya zo ya ƙi ɗaukewa har kika rikice da lissafin sallah, wannan ki kai wa malamarku ta Islamiyya, amma in yana zuba da yawa da gudaji kina jin jiri, asibiti ne a ranar.

Ki samu ɗan littafi ko ki buɗe waje a wayarki ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ki tuno na watannin baya iya abinda zaki iya, ki haɗa da hoton sikanin da takardun lab da sunan duk wani haɗi ko tsumi da kika taɓa sha, likita zai fi saurin gane inda zai kama. In Allah ya kawo cikin kuma, ki fara awo da wuri ki faɗa musu tun ranar farko kina da PCOS, don a auna sugarki tun a lokacin a kuma maimaita tsakanin sati 24 zuwa 28, a riƙa lura da hawan jini, su kuma faɗa miki ko zaki ci gaba da metfomin ko a tsayar. Allah ya baki lafiya da zuri'a ɗayyiba.